Jawabi ga samarinmu masu zuwa aikin lodi a birni

Kaka ta wuce, kuma da yawa cikin samarinmu suna shirin tafiya Kano ko Kaduna neman aikin lodi a manyan sito da kamfanoni, irin na Bompai, Sharaɗa da Kakuri. Kafin su tashi, muna so mu yi magana a kan wata 'yar mota da za su tarar a can, wadda ake kira fokilif. Tana da ƙarafa biyu a gaba kamar cokali mai yatsu, da su take ɗaga kaya.

Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ku. Wadda ke ɗaga tan 2.5, wato buhun siminti 50, nauyinta ita kaɗai ya kusa tan 4, domin an ɗora mata ƙarfe mai nauyi a baya don kada kaya su rinjaye ta. Idan ta taka ƙafar mutum, ba targaɗe ba ne, ƙashi ne ke ragargajewa. Kuma da tayoyin baya take juyawa, ba na gaba ba. Direba zai karya kwana, sai gindinta ya yi waje ya matse wanda ke tsaye a jikin bango. Wanda ya saba da motocin kan titi ba ya tsammanin haka, shi ya sa sabon zuwa ya fi kowa shiga hatsari.

Saboda haka kada ku bi ta bayanta, kada ku tsaya ƙarƙashin kayan da ta ɗaga, kada kuma ku hau ƙarafan a ɗaga ku sama, ko da shugaban lodi ne ya ce a yi don a gama da wuri. Sai kun haɗa ido da direba kafin ku gifta.

Wanda ya samu ya koyi tuƙa ta, ya riƙa tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, kamar taki ɗaya daga ƙasa. A gangare, kaya su fuskanci tudu. Ga kuma magana mai wuyar karɓa: idan ta soma kifewa, kada ka yi tsalle. Rufin ƙarfen da ke kanka shi ne ke danne mai tsalle ya kashe shi. Ka ɗaura bel tun farko, ka riƙe sitiyari gam, ka dage ƙafafu, ka karkata jiki zuwa ɓangaren da ba nan take faɗawa ba.

Tirela kuwa, a sa birki a danna waigi a tayoyi kafin a fara lodi. Idan ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Inuwar ƙarƙashin tirela tana da daɗi da rana, mun sani, amma ba kowane direba ke leƙawa kafin ya tashi mota ba.

Iyaye, ku tambayi yaranku ko an rubuta sunansu a wurin aikin. A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010, kuma hukumar NSITF ce ke kula da asusun. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikin nan da nan, ya kuma adana takardun asibiti.