Cacar ƙwallo a waya: me dokar Sakkwato ta ce?

 Gaisuwa ta musamman ga masu bin mu daga Wurno, Rabah da Goronyo. Yau zan taɓo maganar da ake yawan musu a kanta a majalisar mai shayi da gidajen kallon ƙwallo, wato cacar da ake bugawa a waya. Wani ya ce ai gwamnati ta ba kamfanonin nan lasisi, to ina laifi? Wani ya ce a'a, a jiharmu laifi ne. To, wa ke da gaskiya?

Bari mu fara da lasisin. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa, ta kafa hukuma a Abuja mai ba kamfanoni izini. Jihar Legas ba ta yarda ba. A 2008 ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ta ce wannan hurumin jihohi ne. Shari'ar ta ɗauki shekara 16. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 kotun ta yanke hukunci cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa doka, don haka waccan doka ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya kawai. Ma'ana, kowace jiha ita ke da ta cewa a cikin iyakarta.

Ka ga ke nan, wanda ke Wurno ba dokar Legas ke kansa ba, dokar Sakkwato ce. Jiharmu na cikin jihohin Arewa 12 da suka ɗauki shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, lokacin Gwamna Attahiru Bafarawa. A shari'a kuwa caca haramun ce, duk wanda ya yi makarantar allo da ta Islamiyya ya san hukuncin na cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida. Kai, ko tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa buɗe gidan caca cikin laifuka. Saboda haka takardar da kamfani ya samo a wata jiha ba ta goge dokar nan.

Mun ga yadda abin ya kasance a Kano. A ƙarshen 2024 Hisbah ta bi shagunan caca tana rufewa, masu shagunan suna cewa suna da lasisin Tarayya. Da hukuncin Kotun Ƙoli ya fito, wannan hujja ta faɗi. A nan Sakkwato ma Gwamna Ahmad Aliyu ya farfaɗo da Hisbah a 2024.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Shago yana da ƙofa, ana iya sa masa kwaɗo. Manhajar da ke cikin wayarka fa? Kamfanin yana Legas ko ƙasar waje, kuɗin suna bi ta banki ko ta wurin mai POS. Harkar sadarwa da ta bankuna kuwa a hannun Tarayya suke, wato hukumar NCC da Babban Banki. Ku tuna 2021, da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda 'yan bindiga: gwamnatin jiha ce ta nema, amma sai da aka bi ta Abuja. To haka ma jiha ba za ta iya toshe manhaja ita kaɗai ba. Shi ya sa take buɗewa a Goronyo kamar yadda take buɗewa a Ikeja. Amma buɗewar manhaja ba izini ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi shafar aljihunka. A ce ka ci, sai aka rufe maka asusu ko aka ƙi biyanka. Wa za ka kai wa kuka? Ka je kotun shari'a a Rabah ka ce wa alƙali kuɗin caca kake bi? A fiƙihu wannan ciniki ɓatacce ne tun daga tushe, kuma da bakinka ka faɗi abin da ka aikata. Hukumar da ta ba kamfanin lasisi kuma tana can wata jiha. Ka zama kai ne ke ɗauke da haɗarin duka, ba mai tsaya maka.

Kuma ko an ajiye maganar doka, lissafin ba ya wajenka. Ɗauki wasa mai sakamako biyu, kowanne an sa masa 1.90. Kai ka sa naira 1,000 a wannan, abokinka ya sa 1,000 a wancan. Kamfani ya karɓi 2,000, zai biya 1,900, ɗarin nan tasa ce ko wa ya ci. In kuma ka jera wasa 10 a tikiti ɗaya, kowanne rabi da rabi, damar cin ka ɗaya ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum kake jin "wasa ɗaya ne ya yanke min". Haka aka tsara shi.

Mu nan kuɗinmu na zufa ne. Albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamar Rima, noman rani da ruwan madatsar Goronyo. Manomi ya yi wata da watanni yana ban-ruwa, ga tsadar taki, ga fargabar hanya, sannan kuɗin buhu ya tafi a minti 90. Wani ma ba nasa ba ne, jarin shagon maigida ne ko bashin da ya ci a wata manhaja.

Don haka in ka riga ka shiga, ɗan'uwa, abu uku. Goge manhajar. Ka daina bin abin da ya tafi da sunan sai ka fanshe, nan ne rami ke zurfi. Sannan ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi, yayanka ko malaminka, ya riƙe maka kuɗin na ɗan lokaci. Ƙwallo kuma a ci gaba da kallo, a yi musu, a yi dariya, ba sai an sa ko sisi ba.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku shago ya fi yawa ko waya? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mu, Ya ba yankinmu zaman lafiya.