Tsoho mai ciwon sukari idan yana ramewa: jawabi ga iyaye mata da relai

 

Kun saba jin muna magana a kan tamowar yara, har da yawanku sun iya ɗaura ma'auni a dantsen yaro su bambanta ja da rawaya da kore. Yau ina so mu waiwayi wani mutum da ke zaune gida ɗaya da yaron nan amma ba a cika auna shi ba, wato kaka ko suruki mai ciwon sukari wanda kullum yake ƙara ramewa. Ku ne kuke dafa masa abinci, saboda haka maganar taku ce.

Kun san yadda abin yake faruwa. Da zarar lokotoro ya ce dattijo yana da sukari, sai gida gaba ɗaya ya shiga hana shi ci. A hana shi fura, a rage masa tuwo, a ɗauke shinkafa, a bar shi da ɗan ganye da jiƙon magani mai ɗaci. Ƙauna ce ta sa ake yin haka, na sani. Sai dai shawarar rage ci an yi ta ne domin mai ƙiba. Idan aka ɗora ta a kan tsohon da wandonsa ya riga ya yi masa yawa, naman jikinsa ne zai tafi, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa, ya faɗi, kuma ɗan ciwon da ya ji ya daɗe bai warke ba.

Ita ramar ma sau da yawa ciwon ne yake kawo ta. Idan sukari ya yi yawa a jini, ƙoda tana zubar da shi cikin fitsari, sai abincin da mutum ya ci ya fita ba tare da ya amfane shi ba, jiki kuma ya koma yana cin kitsensa da tsokarsa. Shi ya sa za ku ga tsoho yana yawan fitsari da dare, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ci amma yana zubewa. Irin wannan, komai kyan girkinku, ba zai murmure ba sai an gyara masa magani a CSI ko asibiti. Akwai kuma tarin fuka, wanda ya fi saurin kama masu ciwon sukari: tsohon da ke ramewa yana tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi a auna majinarsa. Maganin metformine shi ma yakan kashe sha'awar abinci ko ya ɓata ciki. Kada ku tsayar da shi da kanku. A sha shi tare da abinci, a kuma gaya wa lokotoro.

To, me za a ba shi? Hatsi da dawa ba a haramta masa ba. Abin da ake so shi ne kada ya ci su da yawa a zama ɗaya, kuma kada ya ci su tsura. Maimakon babban kwano sau biyu, a raba masa abincin yini zuwa kashi biyar ko shida, kowanne da abin gina jiki a ciki: wake, ƙwai, kifi ko da busasshe ne, nama idan an samu, nono, cuku, awara, ƙuli-ƙuli, ko fara a lokacinta. Tsoho mai kilo 50 yana buƙatar giram 50 zuwa 60 na sinadarin gina jiki a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai a cikinsa. Kun ga ke nan dafaffen ƙwai ɗaya da safe bai gama aikin ba. Wanda aka ce ƙodarsa ta taɓu, shi kam a tambayi lokotoro kafin a ƙara masa waɗannan.

Babban abokin aikinku a nan shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gujiya yana ba da ƙarfi wajen kalori 120, ba ya cika ciki, ba ya kuma harba sukari sama yadda gari yake yi. A zuba shi a kan wake, a cikin miyar kuka ko kuɓewa, ko a kwaɗon zogala da aka wadata da ƙuli-ƙuli. A dama kunu da niƙaƙƙiyar gujiya ko riɗi. Fura kuwa, wadda na san babu tsohon da zai yarda a raba shi da ita, a dama ta da kauri, nono ya fi dawo yawa, babu sukari, a ba shi ƙaramin kofi. Abin da za a nisanta shi da shi su ne lemun kwalba, shayi mai tarin sukari da madarar gwangwani mai zaƙi. Plumpy'Nut kuma maganin yaro ne, akwai sukari a cikinsa, kada tausayin kaka ya sa a raba musu.

Ku lura da yadda yake cin abincin ma. Mai haƙora uku ba ya iya tsere da samari a kwano ɗaya, zai janye hannu ya ce ya ƙoshi alhali kunya ce. A zuba masa nasa daban, wake ya nuna luguf, nama a daka shi, wani kuma ya zauna kusa yana taya shi hira. Kada a cika masa ciki da ruwa kafin ya fara ci. Idan yana iya tashi, ɗan tattaki zuwa masallaci ko ƙofar gida yana buɗe masa ciki, yana kuma riƙe masa ƙarfin ƙafa.

Akwai haɗari ɗaya da nake roƙon ku riƙe fiye da duk abin da na faɗa. Tsohon da ke shan glibenclamide ko yake yin allurar insulin, idan ya sha magani bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0,70 a lita. Zai fara zufa da rawar jiki, ko ya rikice yana maganar da ba ta da kan gado, har a ɗauka rikicin tsufa ne ko iska. Idan yana iya haɗiya, a narka ƙwayar sukari uku a ruwa a ba shi nan take, bayan minti 15 a sake idan bai dawo daidai ba, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe ɗaya a garzaya da shi likita. Saboda wannan ne ma nake cewa ramammen tsoho mai shan waɗannan magunguna kada ya ɗauki azumi sai ya ga lokotoro tukuna.

Ku kuma relai, idan kun shiga gida auna yara, ku tambaya ko akwai dattijo mai ciwon sukari. Launukan ma'aunin yara ba su aiki a kansa. A ɗora shi a sikelin CSI sau ɗaya a wata, a rubuta a karnensa. Wanda yake da kilo 60 ya koma 57 cikin wata shida ba da niyya ba, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko yake da gyambon da ya ƙi warkewa, ku tura shi a makon nan, kuma wadda take dafa masa abinci ta raka shi domin ta ji bayanin da kunnenta.