Amsoshin Takardunku: In Sayar Da Gonata In Tafi Sifen?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi, a karkarar Funtuwa. Ya ce wani abokinsa da ke zaune a Roketas de Mar, cikin ƙasar Sifen, yana ta aiko masa da hotuna, wai ya taho, akwai aikin gona ga kuɗi. Shi ne yake tambaya, ko ya sayar da gonarsa ta gado da shanun huɗa biyu ya tafi?

To Malam, mun gode da takardarka. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma fa bai gaya maka duka ba.

Shi wannan gari yana bakin Bahar Rum ne, a lardin Almeriya, kudancin Sifen. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, saboda haka a cikin rumfunan leda ake noma, waɗanda suka rufe fili fiye da hekta 30,000. Tumatir, tattasai, kokwamba da kankana da ake ci a Jamus da Faransa, da yawa daga nan suke fitowa. Masu aikin kuwa galibi baƙi ne, daga Maroko, Senegal, Mali da sauransu.

Aiki kam akwai. Amma ka sani, can takarda ita ce mutum. A shekarar 2025 gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi Yuro 1,184 a wata. Wanda yake da izinin aiki shi ke iya tsayawa ya nemi wannan haƙƙi. Wanda ba shi da shi, sai ya fito bakin titi tun asuba ya jira mai gona ya zo da mota ya zaɓa. Yau a ɗauke ka, gobe a bar ka, in an rage maka lada ka rasa bakin magana. Da bazara zafin cikin rumfa yakan wuce digiri 40. Ga tsadar haya: a yankin Nihar, cikin lardin nan, akwai 'yan Afirka da ke kwana a bukkokin leda da katako, ba famfo, ba bayan gida. Ba kuma kullum ake zaman lafiya ba, don a Fabrairun 2000 an yi tarzoma a El Ehido, maƙwabcin Roketas, aka far wa baƙi da shagunansu.

Yaya ake samun takardar? Hanya mai tsabta ita ce mai gona ya ba ka kwangila tun kana gida, hukumarsu ta amince, sannan ka nemi biza a ofishin jakadancin Sifen. Wanda ya shiga ta bayan fage kuwa, bisa dokar da ta fara aiki a Mayun 2025, sai ya shekara 2 a ƙasar, da shaidar zama, kafin ya nemi izini. Da shekara 3 ne. To wa zai ciyar da iyalinka kafin nan? Wannan ma sai in Allah ya tsallakar da kai. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa tsibiran Kanari a kwale-kwale, wasu dubbai kuma teku ta cinye su.

Shawararmu ita ce, ka ce wa abokin nan ya aiko maka da kwangilar aiki a rubuce, da sunanka a kai. In ya iya, madalla, ka ba ɗan'uwanka aron gonar, ka bi ta ofishin jakadanci. In ya fara kame-kame, ka san inda aka kwana. Gona dai kada ka sayar, Malam. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai gona ne kai a nan, can kuwa ɗan ƙodago za ka zama a gonar wani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.