Jawabi a Bikin Yaye Rukunin Farko na Manya Masu Koyon Wasan Ces a Kura

 

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, da 'yan'uwana da ake yayewa yau, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da aka kawo mini goron gayyata na tambaya ko an rasa gwanaye ne, domin jikana da bai gama firamare ba yana cinye ni sau biyu cikin uku. Aka ce ai saboda haka aka zo wurina: ana neman wanda ya fara da furfura, ya sha kaye, bai gudu ba. Ina da shekara 52 na fara taɓa doki a kan allon nan, don haka na karɓi goron.

Kafin komai, akwai maganar da na san tana zukatan wasu. Wannan wasa shi ne littattafan fiƙihu ke kira shaɗaranji, kuma duk wanda ya karanta Risala ya san malaman Malikiyya sun tsananta a kansa. Malaman Shafi'iyya sun sassauta, muddin babu caca, babu batsa, kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da zan iya shaida shi ne dokar wannan zaure: ba a sa ko naira ɗaya a kan wasa, kuma da ladan ya ɗaga murya ake tashi, ko da saura taku ɗaya a ritsa sarki. Na taɓa tashi a irin wannan hali, na dawo na tarar na manta takun.

Wasan ba baƙo ba ne a duniyar Musulmi. Daga Indiya ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka ɗauka. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi Abubakar as-Suli, marubuci ɗan fada, wanda ya rasu wajen shekara ta 946, kuma gwanintarsa ta zama abin buga misali. Su ma suna da tsare-tsaren buɗe wasa, suna ce musu ta'abiyya, wato jera runduna. Mu ma ba mu rasa namu ba. Dattijon da ke dara a gindin darbejiya, ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, ya san tun wajen zuba 'ya'yan ake cin wasa ko a faɗi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya tsayar da ni a gabanku. Na ji wasunku tun kafin a ba su takardar shaida sun fara kwana kan YouTube suna haddar buɗin Najdorf. Na san ciwon, don na yi shi.

Miguel Najdorf mutumin Folan ne. Ya je gasa a Ajantina a 1939, yaƙin duniya ya ɓarke yana can, ya zauna. Buɗin da ke ɗauke da sunansa reshe ne na kariyar Sisiliya, kuma alamarsa ɗan ƙaramin taku ne: a taku na biyar baƙi ya tura dakaren gefe gida ɗaya, zuwa a6. Bobby Fischer da Garry Kasparov sun yi suna da shi, shi ya sa kowa ke kwaɗayinsa. Ni na haddace taku 14, ina bitarsu a bakin kwata kamar mai tilawa. Ranar da na je Kano wata 'yar gasa, na zauna da wani matashi, na gyara hula. A taku na biyu ya tura dakarensa zuwa c3, hanyar da ba ta cikin haddata ko kaɗan. Na dubi allo kamar wanda aka sauke a tashar da bai sani ba. Kafin taku na 20 na ajiye wazirina a bakin dokinsa da hannuna. Dara ta ci gida. Da muka tashi yaron ya tambaye ni cikin ladabi: “Baba, me a6 ɗin nan ke yi ne?” Wata uku ina haddarsa, ban san amsa ba. Ashe aikinsa hana doki da giwar fari sauka a b5.

Ku kun fi kowa fahimtar wannan. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar kwata, ya rabu zuwa ƙanana, su ma su rabu, har ya iso bakin gonarka. Buɗi mai sarƙaƙiya haka yake, kowane reshe da rassansa. Wanda ya haddace cewa ruwa na zuwa ranar kaza, ranar da kacala ta toshe hanya sai ya tsaya yana kallon sama. Wanda ya san gangaren ƙasa kuwa, fartanya zai ɗauka ya bi ya gano inda ya tsaya.

Najdorf tumatir ne. In ya yi, ya yi kuɗi. Amma yana son reno, da dashe, da feshi, da ido kullum, kuma duk da haka tsutsar sharon na iya shigowa kamar yadda ta yi a 2016 ta share gona cikin 'yan kwanaki, ko ka kai kasuwar Kwanar Gafan ka tarar kwando ya faɗi warwas. Akwai reshensa da ake kira dakare mai guba, inda wazirin baƙi ke fita ya cinye dakaren b2, ya bar gida babu tsaro. Fischer kansa, a wasa na 11 na karawarsa da Boris Spassky a 1972, ya shiga wannan reshe aka ritsa masa waziri ya faɗi. In haka ta sami mutumin da ba shi da sana'a sai wannan, ina ga wanda zai ba shinkafa ruwa da asuba, ya je ɗaurin aure da hantsi, ya sasanta rigimar iyaka da la'asar?

Kada ku gwada kanku da yara. Gukesh na Indiya ya zama gwarzon duniya a Disambar 2024 yana da shekara 18, amma tun yana ƙarami ba shi da wani aiki, kuma ba ya tunanin kuɗin taki. Yaro yana haɗiye tsari kamar yashi da ruwa. Babba ba haka ba, sai an gaya masa dalili. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma yana canja hanyar ɗaukarsa. Muna da abin da yaro ba shi da shi: haƙurin zama, da iya kallon asara a lissafa ta ba tare da kuka ba. Wanda ya taɓa zubar da tumatir a bakin titi ya koma ya sake reno, faɗuwa a kan allo ba za ta kashe shi ba.

Don haka shawarata, ku fara da masara. Ku ɗauki buɗi ɗaya mai sauƙi da fari, na Italiya ko tsarin Landan, da amsa ɗaya ko biyu da baƙi, ku zauna a kansu shekara guda har ku san kowane lungu kamar yadda kuka san inda ruwa ke kwanciya a gonarku. Mafi yawan wasannin masu matsayinmu ba a buɗi ake rasa su ba, a kyautar da doki ake rasa su. Rabin sa'a bayan isha'i ana warware matsalolin tarko a shafin Lichess, wanda kyauta ne in ban da kuɗin data, ya fi dare guda na hadda. Capablanca na Kyuba, gwarzon duniya a 1921, ya karantar cewa daga ƙarshen wasa ake fara koyo, kuma na ga gaskiyarsa ranar da na kasa kashe sarki tilo alhali ina da soro. Sannan ku riƙa rubuta wasanninku. Littafina na 'yan makaranta ne mai layi, bangonsa duk tabon laka, kuma shafukan da na fi buɗewa su ne na kaye.

Ban ce ku haramta wa kanku Najdorf ba. Ni ma na koma masa bara, amma yanzu kowane taku sai na tambaye shi aikinsa kafin in wuce, shi ya sa har yau ina kan na takwas.

Ina roƙon masu hali su taimaka wa zauren nan da agogon wasa da fitila mai aiki da hasken rana, don yanzu da tocilan waya ake ƙarasa wasannin dare. Ina kuma roƙon a ware wa mata lokacinsu da mai koya musu a rukuni na biyu. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa wasan ces a Ikorodu a 2018, kuma a 2024 duniya ta kalle shi yana wasa sa'a 60 a New York. Allo bai fi ƙarfin Kura ba.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya kare amfanin gona, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ranka ya daɗe, ga takardun nan a jere bisa haruffa, muna roƙon ka taso ka miƙa su. Wanda aka kira sunansa ya fito ta dama, kuma a yi hattara da teburin tsakiya, akwai wasan jiya da ba a ƙarasa ba a kansa.