Amsoshin Wasiƙunku: Zan Ɗauko Marayan Ƙanwata Daga Kumasi, Amma Ya Ƙi Ni

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Jibiya, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ƙanwarta da ke aure a Zangon Kumasi, can ƙasar Gana, ta rasu ta bar yaro ɗan shekara biyu da wata uku. Uban direban babbar mota ne, ba mazauni ba, ya kuwa yarda Hajiya ta karɓi riƙon ɗan. To amma da ta je ta'aziyya, kwana huɗu ta yi yaron bai yarda ta taɓa shi ba. Da ta miƙa hannu sai ya tsala ihu, ya ruga bayan wata maƙwabciya da ke kula da shi. Yanzu za ta koma ɗauko shi bayan sadakar arba'in, wasu kuma sun ba ta shawara a bari ya yi barci a sa shi a mota, wai in ya farka ya yi kukansa ya gaji zai dangana. Shi ne take tambaya, yaya za ta yi?

To Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya ba ki ladan zumunci. Maganata ta farko ita ce, kada ki ɗauke shi cikin barci. Yaron nan ya riga ya wayi gari sau ɗaya bai ga uwarsa ba. In ya sake farkawa ya ga babu maƙwabciyar da ya jingina da ita, babu ɗakin da ya sani, to abin da zai koya shi ne duk wanda ya rufe ido a gabansa ɓacewa yake yi. Irin wannan yaro shi ne za ki ga yana ƙin barci wata da watanni.

Masu cewa zai dangana suna kwatanta abin da yaye ne. Amma ai a yaye gidan kakar da ya sani ake kai yaro, bayan 'yan kwanaki kuma a maido shi wurin uwarsa. Naki ba haka yake ba. Akwai wani likita a Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa kulawar uwa. Shi da abokin aikinsa James Robertson sun lura cewa ƙaramin yaron da aka raba da uwarsa yakan bi matakai uku. Da fari kuka da neman uwa. Sa'an nan ya yi lamo, ba wasa, ba cin kirki. Daga baya sai ya koma cin abinci da wasa, amma bai damu da kowa ba, duk wanda ya ɗauke shi ɗaya ne. Mu manya sai mu ce alhamdu lillahi ya saba, alhali kuwa ƙauna ya fid da. Saboda haka ihun da yake miki kada ya ɓata miki rai. Makoki yake yi, bakin faɗa ne ba shi da shi.

Ga shawarata. Ki damƙa rumfarki ga wani amintacce, ki shirya zaman mako guda ko kwana goma a gidan. Na san kuɗi ne, amma sannu ba ta hana zuwa. Kwana biyun farko kada ki kai masa hannu. Ki zauna a tabarma kusa da maƙwabciyar nan, ku yi hira, ku ci abinci kwano ɗaya yana kallo, domin yaro fuskar wanda ya yarda da shi yake dubawa kafin ya yarda da baƙo. Daga nan sai ta riƙa miƙa miki kokonsa ki ba shi yana zaune a cinyarta. In ya karɓa, sai wanka, sai shafa mai, sai goyo. Ranar da ya yi barci a bayanki, ko ya faɗi ya rugo wurinki, to tafiya ta kusa.

Ki tambayi maƙwabciyar komai nasa: sunan da ake kiransa da shi a gida, yadda yake cewa ruwa, yadda yake cewa zai yi kashi, da yadda ake lallashinsa. Hausar Zango ta ɗan bambanta da tamu, wata kalmar ma ta Tonawa ce, ki koye ta haka nan. Ki nemi zanen goyon marigayiya, kada a wanke shi, da kofinsa da ɗan abin wasansa. Abincin da ya saba, ko koko da ƙosai ne ko wake da shinkafa, shi za ki ci gaba da ba shi. Fura da nono sa biyo baya. Ranar tafiya kuma a yi sallama da shi ido biyu, maƙwabciyar ta ɗora miki shi a baya da hannunta. Zai yi kuka, amma ya ga wanda ya ba da shi da wanda ya karɓa.

Sai batun takardu, kada ki raina shi. In ta bakin teku za ki biyo, iyaka uku ce a gabanki: Gana da Togo, Togo da Binin, sa'an nan Seme. Saboda masu safarar yara, jami'ai ba sa wasa da wanda ya goyo ɗan da ba nasa ba. Gana tana da dokar yara ta 1998, an yi mata gyara a 2016. Ku je ofishin jin daɗin jama'a na Kumasi ke da uban, ƙafa da ƙafa, su faɗa muku abin da doka ke nema. Ki riƙe takardar haihuwarsa, da shaidar rasuwar uwar, da yardar uban a rubuce, da takardar tafiyarsa, da katin rigakafinsa har da na shawara. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya tsallakar da ku ta bayan fage, ki guje shi.

A hanya ki riƙe ruwa mai tsabta da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In jikinsa ya yi zafi, a nemi asibiti a garin da kuke.

In kun iso gida, 'yan barka za su cika ɗaki, kowa na son ya ɗauka. Ki ba su haƙuri. A makonnin farko ke kaɗai za ki ciyar da shi, ki yi masa wanka, ki kwana da shi cikin gidan sauro. In ya koma fitsarin kwance, ko ya ɓoye abinci, ko ya maƙale miki har bakin banɗaki, ba a dukansa, kada kuma a tsorata shi da cewa za a mayar da shi.

Abu na ƙarshe, riƙo ba ya shafe asali. Musulunci ya yi umurni a kira yaro da sunan ubansa, kamar yadda aka yi a kan Zaidu ɗan Harisa. Ki ajiye masa hoton uwarsa, ki riƙa haɗa shi da ubansa ta waya. Da yake ba ya cikin magadan maigidanki, in yana so ya bar masa wani abu, akwai kyauta tun da rai, akwai kuma wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Ku tuntuɓi malami a kan wannan.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya raya shi. In kun iso, ki rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.