Abin da Ya Tsayar da Ni a Gaban Allo

Jawabin da wani malamin Turanci na ƙaramar sakandare ya gabatar a taron reshen Tarauni na Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba

 

An ce in tashi in faɗi dalilin da ya sa na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. Na karɓa ne saboda ƙannenmu da suka shigo aikin kwanan nan, don na san wasu daga cikinsu ƙafa ɗaya a aji take, ɗayar tana bakin ƙofa.

Ni haifaffen Gyadi-Gyadi ne. Ina yaro, bayan rasuwar mahaifinmu, aka kawo wa mahaifiyata wata takarda da Turanci a kan maganar gidan da muke ciki. Babu mai iya karanta ta a gidan. Ta ba ni, na yi ta yawo da ita har na sami wani maƙwabci ya karanta mana. Ya kyauta, amma kafin magariba unguwa duka ta san sirrinmu. Da dare na ji ta tana cewa wanda bai iya karanta takardarsa ba, ɗakinsa ba shi da ƙyaure. Wannan magana ita ta kai ni kwalejin horon malamai, ita ce kuma ta hana ni fita daga aji duk lokacin da na yi niyya.

Aikin nan da wasu ke rainawa yana da asali. Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a 1933, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar, daga baya duniya ta yi mamakin Turancinsa a matsayin Firayim Minista. Malam Aminu Kano, wanda asibitin koyarwa da ke nan kan titin Zariya yake ɗauke da sunansa, shi ma ya riƙe alli a Bauchi da Maru. Dukkansu sun ƙware a Turanci, kuma babu wanda ya ji kunyar Hausarsa a cikinsu.

Ni kam ban fahimci wannan darasi da wuri ba. A shekaruna na farko na kafa doka a ajina: duk wanda ya yi Hausa zai biya tara. Ina ganin hakan ƙwazo ne. Abin da na samu shi ne aji mai shiru kamar an yi mutuwa. Akwai wata yarinya da ta yi zango biyu ban ji muryarta ba. Wata rana na kira ta, na ce ta karanta mini layi ɗaya. Ta riƙe littafin tana rawar hannu. Sai na tambaye ta da Hausa, ta ce, "Malam, ban san haruffan ba, kwafa kawai nake yi." Shekara 6 ta yi a firamare tana zana abin da ke kan allo kamar mai zanen lalle. Dokata ba ta koya mata komai ba, ta dai taimaka mata wajen ɓoye matsalarta.

Daga ranar na canza hanya. Duk sabon aji ɗaya, makonnin farko nakan sa kowane ɗalibi ya karanta mini shi kaɗai. Waɗanda ba su iya ba nakan zauna da su bayan an tashi. Da Hausar boko muke farawa, domin yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, yaro yakan gane alaƙar harafi da sauti cikin sauri. Sannan mu haye zuwa Turanci ta kalmomin da ke bakinsu tun daga gida: tebur, bokiti, burodi, sukundireba. Idan yaro ya ga cewa ya daɗe yana faɗin kalmomin da aka aro daga Turanci, tsoron yakan ragu. Nakan kuma nuna musu dalilin da ya sa Bahaushe ke cakuɗa sautin p da f, da yadda muke cusa wasali tsakanin baƙaƙe, don su san bambancin harsuna ne ya jawo, kwanyarsu lafiya lau take. Yarinyar nan ta karanta mini shafi guda kafin ta gama aji biyu.

'Yan'uwa, shekara 3 na ƙaramar sakandare su ne dama ta ƙarshe ga yara da yawa. Da Turanci ake koyar da lissafi da kimiyya, da shi ake rubuta jarrabawar aji uku, kuma jami'a ba ta ɗaukar wanda bai ci Turanci a WAEC ko NECO ba. Yaron da ya bar hannunmu bai iya karatu ba zai faɗi darussan da yake da basirarsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin shekara 9 na karatu kyauta kuma dole. A ajinmu ake cika wannan alkawari ko a karya shi.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Na koyar a ajin da ba na iya ratsawa zuwa bayansa saboda cunkoso. Na duba insha'i da fitilar waya har tsakar dare. Uwargidana tana nan zaune, ita ta san yadda ake jan albashi ya kai ƙarshen wata, kuma ina yi mata godiya a gabanku. Sau biyu na rubuta takardar barin aiki. Abokai sun ce in nemi adaidaita sahu, kuma ban ga laifin wanda ya nema ba, domin kowa da nauyin da ke kansa.

Kwanakin baya wayata ta lalace, na kai ta kasuwar waya ta Farm Centre. Matashin da ya karɓa ya buɗe kwamfutarsa yana karanta bayanin gyara da Turanci, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Ina cikin 'yan zaman bayan tashi." Ya ƙi karɓar kuɗina. Yana da yara uku da yake koya wa sana'a, kuma shi ke karanta takardar hayar shagonsa da kansa.

Ina da roƙo uku. Ga shugabannin ƙungiyarmu, wadda aka kafa tun 1931: idan kun zauna da hukuma a kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, ku haɗa da yawan ɗalibai a aji da littattafan karatu. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, hakkinmu ne mu riƙa tambayar abin da ya iso cikin aji. Ga iyaye: ku sa yaro ya karanta muku wani abu da dare, ko da rubutun jikin kwalin magani ne. Ga ƙannena sababbin malamai: a makon nan ku nemo yaron da ya fi kowa shiru a ajinku, ku ba shi littafi, ku saurare shi.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya sa wa aikinmu albarka.