Amsar Wasiƙunku: Idan Ƙasan Mota Ya Fara Ƙara a Hanya

 Wannan makon wasiƙu uku muka ware, domin duk abu guda suke tambaya, wato ƙarar da ke fitowa daga ƙasan mota ko daga sitiyari, alhali mutum yana tsakiyar hanya, ga kaya ga fasinja, babu gareji kusa.

Ta farko daga wani mai fataucin hatsi ce a Funtuwa. Ya ce yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, yana kai masara kasuwar Dawanau ta Kano. Da zarar ya shiga gargada sai ya riƙa jin gwaf, gwaf daga baya, amma a kan kwalta mai kyau shiru. Yana tambaya, ya ci gaba da tafiya ko ya tsaya?

To, Alhaji, kafin ka ɗora wa mota laifi, fara duba abin da ka zuba a cikinta. Jak, safaya, sifana, galan, sau da yawa su ne ke kai da komo. Ɗaure su tam, ka sake gwadawa. In ƙarar tana nan, sai ka samu wuri mai tsauri ka tsaya. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Mai lafiya takan taso sau ɗaya ta tsaya. In ta yi ta lilo sau uku sau huɗu, shokazoba ta mutu. Leƙa ka ga ko mai ya jiƙe jikinta, ko robar da ke bakinta, wadda ake kira bushin, ta cinye. In robar ta ƙare, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, shi ne wannan gwaf ɗin.

Daga nan ka dubi sifirin. Na bayan irin motarka ƙarafa ne da aka jera wani kan wani, aka ɗaure da ƙusa guda a tsakiya. Ƙirga su ɗaya-ɗaya, ka ga ko wani ya karye ko ya zame gefe. Sa'an nan ka sa yaron mota ya tsaya daga baya ya dube ka kana tafiya a hankali. In ya ga motar tana tafiya a karkace kamar kare, to ƙusar tsakiyar nan ta tsinke, aksul ya gota. Wannan ba a tafiya da shi da kaya. A sauke, a nemo makanike.

Ka kuma yi wa kanka hisabi a kan lodi. Irin wannan mota abin da aka yi ta ta ɗauka tan guda ne da ɗan ɗori. Buhun masara mai kilo 100, goma sun tashi tan guda. Wanda ya ɗora ashirin ya ninka mata nauyi, kuma sifirin ne zai biya. Ribar buhu goma na ƙari ba ta sayen aksul.

Wasiƙa ta biyu daga wani direban J5 ne da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Katsina da Maraɗi ta Jibiya. Shi ƙara biyu ke damunsa. Ɗaya gurnani ne, yana ƙaruwa in ya ƙara gudu. Ɗaya kuma ƙas-ƙas-ƙas, sai in ya karya kwana sosai.

Malam direba, gurnanin nan mafi yawa boris ne na cikin ƙafar mota. Ga yadda za ka gane ɓangaren. A hanya miƙaƙƙiya, babu mota gaba babu baya, ɗan kaɗa sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. In ka yi hagu nauyi yakan koma dama. Saboda haka in gurnanin ya ƙaru da ka yi hagu, galibi na dama ne ya lalace, haka kuma akasinsa. Bayan ka yi tafiya, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, ita ce abin zargi, ko boris ko birki mai kamawa. Boris in ya ƙone yakan kafe, wani lokaci ƙafar ta fita ɗungurungum. Kada ka ce bari in kai gida.

Ita kuwa ƙas-ƙas ɗin kwana, ka san J5 da ƙafafun gaba take ja. Akwai gaɓa a bakin shaf, an rufe ta da roba cike da giris. In robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai gaɓar ta fara wannan kuka. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka leƙa bayan taya, za ka ga baƙin giris ya fantsama. Wannan za ta kai ka gari in ka bi a hankali, amma kada ta kwana biyu. Af, irin motar nan taka ce Turawa suka daɗe suna gina wa ɗaki a baya, da gado da wurin girki, su tafi yawon hutu. Su ma da yake kullum tana ɗauke da nauyi, waɗannan wurare ne ke fara gajiya.

Ta uku daga wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a Gusau, wadda ke ɗaukar shatar mota zuwa kasuwannin ƙauye. Ta ce ita ba ta tuƙi, amma tana ganin direbanta yana ta kaɗa sitiyari kafin mota ta amsa, kuma akwai ƙwas-ƙwas daga gaba. Direban ya ce ba kome. Me za ta yi?

Hajiya, kin yi kyan kai da kika tambaya, domin duk cikin wasiƙun nan taki ta fi haɗari. Sitiyari mai lafiya, wasan da ke cikinsa bai kamata ya wuce faɗin yatsu biyu ba kafin taya ta motsa. Ki sa a ɗaga ƙafar gaba da jak, a kama taya ta gefe da gefe a girgiza. In ta yi ƙwas, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa ne, wanda makanikai ke kira tayarod. A sake kamawa sama da ƙasa. In ta motsa nan, boljoyin ne ko boris. Boljoyin in ya ɓalle, ƙafar takan kwanta nan take, tayarod kuwa in ya fita, sitiyari ya zama ado, kuma ba sa sallama. Masu ɗaure su da roba ko waya, ko su kai wa mai walda, da rayukan mutane suke caca. Sabo ake sawa, a kuma daidaita ƙafafun bayan nan. In direba ya ƙi, kuɗinki ne, ranki ne, ki nemi wata motar.

Ga wasu 'yan ƙarin bayanai ga kowa. In sitiyari mai aiki da mai yana kuka lokacin murɗawa, duba mansa, ka kuma duba bel. A zuba irin man da aka rubuta, kada a sa man birki. In mota ta fara rawa bayan an fito daga wurin mai faci, tsaya ka gwada notocin taya, kuma a sake ɗaure su bayan kamar kilomita 50. Kada a shafa wa bushin na roba baƙin mai don ya yi shiru, cinye shi yake yi. Uwa-uba, kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A ja birkin hannu, a sa dutse gaba da bayan taya, a tura safaya ƙarƙashi, a kuma sa alama nesa don masu tahowa.

In kun isa gareji, ku gaya wa makanike abu uku: irin ƙarar, ɓangaren da take fitowa, da lokacin da take yi, a gargada ne, a kwana, ko a gudu. Wanda ya zo da wannan bayani ba ya sayen abin da bai lalace ba.

Nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta irin motar da yadda ƙarar take. Sai mako mai zuwa, Allah ya kiyaye hanya. Ku huta lafiya.